Cikowa da Janyewa: Yadda Ruwa ke Tsara Zama, Sana'a da Kasuwanci a Fadamar Kogin Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda zaman jama'a da sana'o'insu da cinikinsu suka ginu a kan hawa da saukar ruwa a fadamar Kogin Haɗejiya da ke Jihar Jigawa. An nuna cewa lokacin zuwan ruwa da lokacin tafiyarsa su ne ke raba aiki tsakanin masunci da manomi da makiyayi, kuma su ne ke fayyace wanda yake da iko da wuri a kowane yanki na shekara. Daga nan aka bi sauyin da madatsun ruwa na Tiga da Challawa suka kawo, da yadda injin ban-ruwa da kasuwa suka sake fasalin neman abinci a yankin.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci Haɗejiya a kafafen yaɗa labarai cikin watan Agusta ko Satumba, kalmar da ta fi biyo baya ita ce "ambaliya". Haka aka gani a 2018 da 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya cinye gonaki, ya rusa gidaje, ya kuma yanke hanyoyin garuruwa. Sai dai Hausa tana da wata kalmar ta daban, wato "cikowa", kamar yadda akan ce "kogi ya kawo" ba tare da wata fargaba ba. Ambaliya ɓarna take nufi. Cikowa kuwa abu ce da ake jira, ake kuma shiri dominta tun kafin saukar damina. Wanda bai bambance waɗannan kalmomi biyu ba zai yi wuya ya fahimci abin da ya sa mutane suke zaune a wurin da ruwa ke rufewa duk shekara, suna kuma ƙin barinsa.

Tsakanin Haɗejiya da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, amma zaman mutanen fadamarta ya yi kama da na mazauna bakin teku ta fuskoki da dama: kwalekwale da taru da banda da kasuwar kifi. Inda suka rabu shi ne, ruwan teku kullum yake hawa ya sauka, alhali gaɓar fadama sau ɗaya take tafiya ta dawo a shekara, kuma filin da ta bari a baya shi ne gona, shi ne kuma makiyaya.

2.0 Shimfiɗar Ƙasa da Mazaunanta

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa kafin a kai Wudil. Daga nan ya bar ƙasar duwatsu ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi wadda gangarenta ya nufi Tafkin Chadi. A wannan sashe akwai jigayi, wato dogayen tuddan rairayi da iskar zamanin da ta tara, waɗanda suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Daga wannan kalma ce jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta sami sunanta. Jigayin nan su ne ke tsaga kogin zuwa rassa: akwai Kogin Kafin Hausa da ke ballewa tun kafin a iso birnin, sannan a gabas da shi akwai mashigar Marma da ke zuba a Tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohon Kogin Haɗejiya wanda ke haɗuwa da na Jama'are a wajejen Gashuwa su zama Kogin Yobe. Garuruwa suna bisa jigawa, gonakin shinkafa da tafkuna suna ƙasanta.

Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kirikasamma da Malam Madori. Auyo da Guri da Kirikasamma su ne suka fi nutsewa cikin fadama. Mazaunan sun haɗa da Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kuma tsohuwar alaƙar yankin da Borno, tun kafin jihadin ƙarni na 19, ta bar sawu a sarautu irin su Bulama, wanda a ƙauyuka da yawa shi ne mai gari.

3.0 Fili Ɗaya, Masu Cin Moriya Uku

Shekarar fadama tana farawa ne a kan tudu. Da saukar ruwan shuka a wajejen watan Yuni, magidanci yakan shuka gero da dawa a gonar jigawa, domin ita ce madogarar tuwon gida. Kusan a lokaci guda yakan yafa shinkafa a fadama, kuma a nan ne lissafi yake. Dole shinkafar ta tsiro ta yi ƙarfi da ruwan sama kafin kogi ya kawo, ta yadda za ta riƙa tashi tare da hawan ruwa. Idan cikowa ta yi sauri, ta nutsar da tsiro. Idan ta makara, ko ta gaza, shinkafa ta bushe a tsaye. Ke nan manomin fadama yana sa ido a kan ruwa biyu: wanda ke sauka a kansa, da wanda ya sauka a ƙasar Kano makonni kafin nan.

A watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya malale filayen, kifi yakan bar cikin kogi ya bazu cikin ciyayi, ya yi ƙwai, ya yi kiwo. Kamun wannan lokaci ba shi da auki, domin kifin a warwatse yake. Sai ruwa ya fara janyewa, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, sannan tarwaɗa da karfasa da kurungu da kawara suke neman komawa kogi, a tare su a bakin mashigu, ragowar kuma su maƙale a tafkuna. Gaiwa ita kaɗai ce ba ta damu ba: takan shige cikin laka ta jira wata shekarar, har sai mai tono ya cim mata. Kayan aikin su ma bin yanayin ruwan suke yi. Akwai kalli da birgi da mamari da gura da koma, akwai kuma gorar da masunci ke kifa ciki a kanta ya ratsa ruwa mai zurfi.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne yadda mallaka take sauyawa tare da ruwa. Lokacin cikowa, ruwa na kowa ne. Ba a hana mutum jefa ƙugiya a kan gonar wani matuƙar ruwa ya rufe ta. Da zarar ruwa ya janye, tafki ya yanke daga kogi, sai ya zama yana da mai shi, ko wani gida ne, ko gari, ko mai sarauta. Daga nan ba a shiga sai da izini, kuma galibi Bulama ko Sarkin Ruwa ne ke sa ranar su, a kuma fitar da wani kaso na abin da aka kama. Wannan tsari ya sha bamban da yadda dokar mallakar ƙasa ta 1978 take kallon fili, wato abu tsayayye mai iyaka huɗu da mai riƙe da shi guda ɗaya. A fadama, tambayar "na wane ne?" ba ta cika sai an ƙara da "a wane wata?"

Bayan masunci sai manomi ya sake dawowa, ya bi laimar da ruwa ya bari ya shuka wake da sauran abin da ba ya buƙatar ban-ruwa. Bayan an kwashe amfani, makiyaya su gangaro daga tudu da shanunsu, su ci karmami da ɗanyar ciyawar da ba a samunta a wani wuri cikin rani, su bar taki. Ba lallai ne waɗannan ukun su zama mutane daban-daban ba. Sau da yawa gida ɗaya ne ke noma da damina, ya yi su da kaka, ya kuma ba Bafulatani kiwon 'yan shanunsa. Mata kuma suna da nasu rabon a kowane mataki: gyaran kifi, turara shanshera a mayar da ita shinkafar ci, saƙar tabarma da kabar goriba, tallan nono da man shanu. A shekarun yunwa, bado da ake tsinka a tafki ya sha rufa wa gidaje asiri. Rarraba ƙafa irin wannan ita ce inshorar talakan fadama: shekarar da ruwa ya yi yawa ya ci shinkafa, ita ce shekarar da kifi ke yin albarka.

4.0 Madatsun Ruwa da Zuwan Kachalla

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da ƙasar Hausa ke fita daga farin farkon shekarun 1970. An kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, sannan aka kammala madatsar Challawa a 1992. Manufar a bayyane take: a tara ruwan damina domin shan birnin Kano da noman rani a Kadawa da Kura. Madatsun biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. Ƙididdigar masana ta nuna cewa faɗin filin da cikowa ke rufewa a fadamun Haɗejiya zuwa Nguru ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 a wajejen farkon shekarun 1990. Fari yana da nasa kason a wannan raguwa, musamman na 1983 da 1984, amma madatsun sun mayar da abin da yake na wucin gadi ya zama na dindindin.

A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, wanda tun farko tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai ne suka jawo shi, amma daga baya ya koma nazarin rayuwar mutane. A ƙarƙashinsa ne Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka auna darajar noma da kifi da itacen da fadama ke samarwa, suka kwatanta da abin da aikin ban-ruwa na Kogin Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan. Sakamakon ya nuna cewa ribar ruwan da aka bari ya malala a fadama ta ninka ta wanda aka tare sau da yawa, alhali ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin ba. Wannan bincike ya zama abin misali a duniya wajen auna darajar dausayi. Abin takaici shi ne ya fi tasiri a ɗakunan karatu fiye da ofisoshin da ke buɗe ƙofar ruwa.

Raguwar cikowa ita ce illar da kowa ya yi hasashe. Wadda ba a zata ba ita ce ta ruwan rani. A da, kogin yakan ƙafe ko ya tsaya cak na wasu watanni, rana ta ƙone duk ciyawar da ta tsiro a cikinsa, sannan ƙarfin sabuwar cikowa ya share yashin da ya taru. Da aka fara sako ruwa daga madatsun cikin rani, sai mashigu suka daina bushewa, ƙarfin cikowa kuma ya ragu. Ruwa marar zurfi da ke kwance shekara zagaye shi ne abin da kachalla ke so. Wannan doguwar ciyawa ta cika mashigu, ta tare laka, ta toshe tsohon Kogin Haɗejiya da Burum Gana, har mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma. Sai aka wayi gari garuruwan da ke kan reshe ɗaya suna kukan ruwa ya zauna a gonakinsu bai tafi ba, na ɗaya reshen kuma suna kukan bai iso ba sam.

Ɓarnar kachalla ba ta tsaya ga cin fili ba. A cikinta tsuntsun jan-baki yake kwana ya yi sheƙa, daga nan ya faɗa wa shinkafa da gero da alkama. Tana hana kwalekwale wucewa, tana hana jefa taru, tana kuma tara sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Al'ummomin yankin sun sha fita aikin gayya da lauje da adda, suna tsaye cikin ruwa har ƙirji, domin buɗe mashigu, kuma daga baya gwamnati ta kawo injinan yashe kogi. Sai dai muddin ruwan bai daina kwanciya ba, yankan kachalla aski ne kawai.

Tasirin wannan a zamantakewa shi ne rushewar jerin nan na masunci, manomi, makiyayi. Inda ruwa bai janye ba, babu noman laima, babu kiwon rani. Inda ya janye, kowa ya taru a wuri guda a lokaci guda. Rikicin manoma da makiyaya da ake yawan ji a Guri da Kirikasamma yana da dalilai da dama, amma ba za a fahimce shi ba idan aka manta cewa a da lokaci ne yake raba su, ba shinge ba.

5.0 Injin Ban-ruwa da Sabon Ma'aunin Arziki

Tun shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta tsohuwar Jihar Kano ta fara sayar da ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur a kan rangwame. Haramta shigo da alkama da gwamnatin tarayya ta yi a 1987 ya ƙara wa abin armashi, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a farkon shekarun 1990 da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma a fadamar Haɗejiya maganar ta tabbata, domin cikowar kowace shekara ce ke cika ruwan da ke ƙarƙashin yashi. Jigon da ake ɗebo ruwa da shi a da ya kau, noman rani ya faɗaɗa: alkama, shinkafar rani, tattasai, attarugu, albasa, tumatir da kankana. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na Kwarin Haɗejiya da ke Auyo bayan an gyara shi, kuma a watan Nuwamban shekarar a yankin Haɗejiya aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa.

Babu shakka wannan ya kawo kuɗi. Matasan da a da suke tafiya ci-rani birane yanzu suna samun ƙwadago a gida, har ma baƙi na zuwa. Amma ma'aunin arziki ya sauya. Noman cikowa iri da ƙarfin jiki da sanin ruwa yake buƙata. Noman inji kuwa sai da fetur da takin zamani da maganin feshi, kuma dukkansu kuɗi ne a hannu tun kafin a ga tsiro. Wanda ba shi da jari sai ya ba da gonarsa haya ko jingina, ko ya shiga noma-mu-raba da mai kuɗi daga birni, ko ya karɓi bashin da zai biya da buhu a farashin ranar girbi. Cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 ya fito da raunin tsarin fili, shi ya sa masu hali suka fara komawa ga injin mai amfani da hasken rana. Akwai kuma wata sarƙaƙiya: gonar rani tana zaune ne daidai bakin ruwan da shanu ke sauka su sha, a watannin da a da filin na makiyayi ne.

6.0 Kasuwa

Hanyar fitar da kaya ta daɗe tana juya arzikin yankin. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a wajejen 1930, bai bi ta cikin birnin Haɗejiya ba, ta Malam Madori ya bi, kuma gyaɗa ce ta raya wannan tasha. Yau mota ce ke ɗaukar komai. Riɗi da zoɓo na tudu suna nufar kamfanonin da ke fitar da su ƙetare, dabbobi suna nufar kasuwar Alhamis ta Maigatari a bakin iyakar Nijar, shanshera kuma tana nufar injinan casa na cikin gari da na Kano, musamman tun rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wanda ya ɗaga darajar shinkafar gida.

Kasuwar kifi ta Haɗejiya ita ce ta fi bayyana halin kasuwancin fadama. Ɗanyen kifi ba ya jira, kuma wutar lantarkin da za ta riƙe shi da sanyi ba abin dogaro ba ce, saboda haka mafi yawansa banda ake yi, a shirya a kwali, a loda zuwa kudancin ƙasar. Har busassun kwaɗi, waɗanda yawancin mutanen yankin ba sa ci, sun zama haja mai tafiya kudu. Tsakanin masunci da baƙon ɗan kasuwa akwai dillali, wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya yanke farashi, ya karɓi la'ada. Sau da yawa shi ne kuma ke ba masunci kuɗin taru tun kafin kaka, bisa sharaɗin cewa kamun nasa ne. Masu nazarin tattalin arziki sukan ɗauki dillali a matsayin mai cin gumin wani, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a inda banki ba ya karɓar tafki a matsayin jingina, shi ne kaɗai mai ba da rance da ya san cewa biyan bashi sai ruwa ya janye.

Banda tana cin itace, kuma wannan ya haɗa kasuwar kifi da makomar dazuzzuka irin na Baturiya a Kirikasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008, bayan Tafkin Nguru da mashigar Marma da aka sa a 2000.

7.0 Wa ke Riƙe da Ƙofar Ruwa?

Tun farkon shekarun 1990 masana irin su G. E. Hollis suka ba da shawarar a riƙa sako ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a tsakiyar damina domin a kwaikwayi cikowa, a kuma rage sakinsa cikin rani domin mashigu su sami bushewa. Shawarar tana da sauƙin faɗa. Wahalarta ita ce birnin Kano yana shan ruwan nan kowace rana, manoman Kadawa da na Auyo a rani suke buƙatarsa, kuma yanzu dubban masu injin ban-ruwa a cikin fadamar kanta sun dogara da ruwan ranin da ke ciyar da kachalla. A 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, tare da gwamnatin tarayya, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan, abin da ke nuna an yarda cewa matsalar ta fi ƙarfin jiha ɗaya. Batun madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara aka dakatar, yana nan yana dawowa lokaci zuwa lokaci. Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu yake kawo cikowa yadda ya saba, kuma da shi fadamun gabashin Jigawa da na Yobe suke noman shinkafar damina.